Tarkon da Jan Biro Ya Ɗana

A maɗaba'ar da yake aiki ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Jan Biro ake ce masa, tun daga mai wurin har direban da ke kai kaya, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba, hasali ma daɗinsa yake ji. Aikinsa duba rubutu kafin a buga. Duk shafin da za a ɗora kan inji, littafin makaranta ne, kalanda ce, ko takardar jarrabawa, sai ya bi ta ƙarƙashin rularsa tukuna. Yana da ɗan ɗaki can baya, bayan ɗakin ajiyar takardu, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. A ciki akwai tebur, da kujerar da ya ɗaure ƙafarta da waya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da wata kwalba da yake tara birukan da tawadarsu ta ƙare, don ko matacce ne ba ya iya yar da jan biro. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin nan.

Da farko ba wannan aka ɗauke shi yi ba. Naɗe takardu yake yi yana ɗan shekara goma sha tara, bayan ya gama sakandare da sakamako mai kyau wanda ba wanda ya taɓa cewa ya kawo a gani. Wata rana yana tara kalandun wani kamfani, an riga an buga dubu biyar, sai idonsa ya faɗa kan watan Yuni, ya ga an ba shi kwana talatin da ɗaya. Ya kai wa mai wurin. Mai wurin ya dafe kai, ya wanke mai tsara shafi tas a gaban kowa, sannan ya juyo ya dafa kafaɗar saurayin ya ce daga gobe ya bar naɗin takarda. Ba wani babba da ya taɓa dafa kafaɗarsa kafin ranar. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne mutum yana samun daraja idan ya gano inda wani ya kasa, kuma wannan karatu bai ƙara barin kansa ba.

Aiki kam ya iya, wannan ba mai musu. Idan aka kawo masa sabon ma'aikaci ya koya masa, sai ya ɗauko shafi mai kyau ya ɓoye kurakurai uku a ciki da hannunsa, ya miƙa masa ya koma gefe yana goge tabarau. Tarko yake kiran abin. Wanda ya dawo ya ce bai ga komai ba, sai ya gaya masa babu shafi mai tsabta a duniya, wanda bai ga kuskure ba bai karanta ba ne kawai. Da yawa sun gudu kafin wata ya cika, shi kuwa yana ganin ragwancinsu ne ya kore su.

Matsalar ita ce ba ya barin biron a ofis. Matarsa tela ce, kekenta yana falo kusa da taga, kuma ko littafin da take rubuta awon mata bai tsira ba, sai ta buɗe ta tarar an zagaye mata kalma da ja. Ita dariya take yi ta ce Allah ya ba shi lafiya. 'Ya'yansa maza biyu ne abin bai ba su dariya ba. Babban ya taɓa rubuta masa wasiƙa yana aji huɗu, irin wadda malamai ke sa yara su rubuta wa iyaye, ya kawo masa bakinsa har kunne. Washegari ya same ta a kan matashinsa, an gyara masa wuri shida. Yanzu na farin bakanike ne, na biyun yana gyaran waya a kasuwa, kuma dukansu idan sun gaishe shi sai su tuna suna da wani abin yi a waje. Shi dai abin da yake cewa a kansu matsakaita ne, ba su da laifi amma ba su da kai.

Auta ta zo ne bayan an fid da rai, shekara tara tsakaninta da na biyun. Ita kaɗai ce a gidan ba ta tsoronsa. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta fito da gudu ba takalmi, ta karɓe masa jaka tana janta a ƙasa, ta haye cinyarsa tun bai zauna da kyau ba. Yana sonta, so na gaske, irin wanda bai san yana da shi ba. Mutum ne da ya saba mutane su yi shiru idan ya shigo, ga kuma wata 'yar halitta da ke murna don kawai ya dawo. Idan aka cire wannan yarinya, ba shi da wani a duniya da ke ɗokin ganinsa, kuma ya sani.

Tana 'yar shekara huɗu, wata rana ya dawo da shafuka yana dubawa a teburin cin abinci, ita tana zaune a ɗaya ɓangaren ta tallafe haɓa. Sai ya ji tana karanta layin da rularsa take kai, ga shi a wurinta rubutun a kife yake. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya matsar da rular ƙasa, ta ci gaba. Ba wanda ya koya mata. Kwana uku bayan nan ta maimaita masa shafin baki ɗaya tana wasa da ƙyallayen uwarta. Jan Biro ya fita ƙofar gida ya tsaya shi kaɗai, don kada a ga idonsa ya kawo ruwa.

Da wasa aka fara. Sai ya ce mata yau a hanya ya ga kaza mai ƙafa uku, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ƙarya ne Baba, biyu ne. Ya ce rana tana fitowa daga yamma, ta doke shi a gwiwa. Duk tarkon da ta gano alawa ɗaya ne. Uwar tana kan keke tana jinsu, tana cewa dama abokin wasa ya rasa shekara da shekaru. Waɗannan su ne kwanakin da suka fi kowane daɗi a gidan, kuma da an bar abin a nan da ba a ba da wannan labari ba.

Sai gidan talabijin ya ɓullo da gasar kacici-kacici ta yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu. Duk Asabar da yamma ake nunawa, kuma wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen shekara ana ba shi gurbi a wata makarantar kwana ta kimiyya, kyauta har ya gama, irin makarantar da ɗan mai duba rubutu sai dai ya gani ta katanga. Wata Asabar suna kallo, Auta tana kwance a ƙasa tana cin biskit, lokacin shekararta tara, sai ga ta tana ba da amsa tun kafin yaran cikin akwatin su buɗe baki. Ba don a ji take yi ba, amsoshin fitowa kawai suke yi. Jan Biro ya gyara zama. Ya ga 'yarsa cikin farar riga a ɗakin gwaje-gwaje, ya ga sunanta a bangon littafi, inda nasa bai taɓa hawa ba duk da dubban littattafan da suka bi ta hannunsa. Daga ranar wasa ya ƙare.

Ya roƙi mai yankan takarda ya riƙa tara masa gutsattsarin kwali, ya mayar da su katuna, kowane da tambayarsa, yana ɗaure su ɗari-ɗari da roba. Awa ɗaya kafin ta tafi makaranta, awa biyu bayan ya dawo aiki. Wannan duk iyayen da ke shirya 'ya'yansu suna yi. Abin da ya bambanta Jan Biro shi ne bai iya yin tambaya miƙaƙƙiya ba. Yadda yake horar da ma'aikata haka ya horar da ita. Kowane kati da abin da ya ɓoye a ciki, ko shekarar da aka sauya, ko kogin da aka kai wata nahiya, ko tambayar da tun asalinta ƙarya ce. Idan ta yi saurin amsawa ba ta gano ba, ba ya duka, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Tabarau kawai yake cirewa, ya ajiye a hankali, ya ce ta sake karantawa. Sannan ya buɗe wani ɗan littafi ya rubuta kuskuren da ja. A littafin nan ba a rubuta abin da ta ci, don a sana'arsa ba a yi wa daidai alama. Idan kuwa ta gano, yakan ce daidai ne amma ta yi jinkiri, ko daidai ne amma muryarta ba ta fita. Yarinyar ba ta taɓa jin yabonsa ya zo shi kaɗai ba.

Uwar ce ta fara lura. Auta ta bar tsallen igiya da 'yan matan layin, ta bar ɗaga hannu a aji har malamarsu ta aiko tambaya ko lafiya. Wata rana wata mai kawo ɗinki ta tambaye ta ko mamanta na ciki, yarinyar ta tsaya tana kallonta, leɓenta na motsi, kamar an tambaye ta wani abu mai wuya. Haka idan uwar ta ce kin ƙoshi, sai ta yi shiru tukuna kafin ta ce e. Matar ta tare shi wata rana yana cire takalmi.

"Baban yara, ka sa yarinyar nan ba ta yarda da maganar kowa. Ko ni idan na yi mata magana sai ta juya ta ta ga bayanta."

Ya ce ai wannan shi ake kira hankali, kuma da an koya masa tun yana yaro da bai ƙare a ɗakin baya ba. Ta ce ita dai ta ga yanzu idan an ji babur ba a fita da gudu, katuna ake zuwa ɗaukowa. Wannan ta soke shi, don shi ma ya lura, amma ya gaya wa kansa girma ne ya zo mata. Ya ce ta riƙe kekenta, shi ya riƙe nasa aikin.

Gaskiya kuma horon ya yi aiki, abin takaicin ke nan. Auta ta ci gwajin shiga, ta ci zagayen farko, ta ci na biyu. Tambayoyin gasar masu wuya ne, wasu ma da 'yar dabara a ciki, ita kuwa da dabara aka raine ta. Takan tsaya a bayan ɗan teburinta, ƙarama a cikinsu, fitilu na dukan fuskarta, ta saurara har ƙarshe, ta ɗan yi jim, sannan ta faɗi amsa ba murmushi. Mai gabatarwa, wani mai yawan dariya da ƙyallin takalmi, ya laƙaba mata Ƙamus, sunan ya bi ta har layinsu.

Akwai ɗakin da ake zaunar da iyaye kafin a fara ɗauka, mai kujerun roba da sanyin na'ura kamar za a ajiye nama. A nan Jan Biro ya ga abin mamaki. Wata mai shagon magani tana ɗura wa ɗanta ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yaron yana yatsina fuska. Wani lauya yana zuwa da takarda yana jayayya kan kowane maki har ma'aikatan gidan suka riƙa ɓuya idan sun hango shi. Wata kuma tana bin 'yarta har ƙofar banɗaki tana tambayarta manyan biranen ƙasashe ta bayan ƙyaure. Jan Biro yakan dube su ya girgiza kai, ya dawo gida ya ba matarsa labarin yadda wasu iyaye ke azabtar da 'ya'yansu don neman suna. Matar takan dube shi ta saman keke ta ci gaba da ɗinkinta. Mutumin da ke ganin ɗigon da ya ɓace a ƙasan shafi bai ga kansa a ɗakin nan ba ko sau ɗaya.

A wurin aiki kuwa kansa ya kumbura. Mai maɗaba'a, wanda ya yi shekaru bai leƙa ɗakin baya ba, ya zo da kansa ya zauna a bakin tebur yana cewa ashe baban Ƙamus a nan muke da shi. Masu inji suka riƙa tsayar da shi suna tambayar sirrin, shi kuma yana ba su lacca. Idan kyamara ta nuno shi cikin 'yan kallo, sanye da rigarsa ta fita guda ɗaya, yakan ɗaure fuska don kada a ce yana rawar kai, alhali ya ce a gida a ɗaukar masa wurin a waya.

Ana gobe zagayen ƙarshe, uwar ta roƙe shi ya bar yarinyar ta huta ko na yini ɗaya. Ya ce kati ɗari kawai, bayan la'asar. Ta ci casa'in da tara, ya rubuta ɗayan a littafinsa, ya sa ta maimaita sau biyar. Tana tattara katunan tana sa musu roba, ba ta ɗago ba, ta tambaye shi.

"Baba, idan na ci gobe, za mu daina?"

"Idan kin ci gobe, sannan ne ma za mu fara."

Shi a ransa ƙarfafa mata gwiwa ya yi. Ta ce to, ta kai katunan cikin kwali.

Yara huɗu ne suka kai ƙarshe. Kafin a yi nisa biyu suka zube, ɗan mai shagon magani ya fita yana kuka uwarsa na jansa. Aka bar Auta da wani yaro ɗan direban bas, wanda ubansa ma bai samu zuwa ba don yana kan hanya, yayarsa ce ta rako shi. Yaron fara'a gare shi, idan ya faɗi sai ya sosa ƙeya ya yi dariya, idan ya ci ma dariyar ce. Duk da haka kai gare shi, ya bi ta maki da maki, har aka ƙare tambayoyi sun yi kunnen doki.

Mai gabatarwa ya bayyana yadda za a raba gardama. Za a riƙa yi wa kowa tambaya ɗaya bi da bi, daƙiƙa goma, wanda ya fara faɗuwa ya fita. Ana farawa da masu sauƙi ne don yaran su ɗan saki jiki, sannan a riƙa ƙara wuya. Ya juya ga yaron ya tambaye shi wata nawa ne a shekara. Yaron ya ce goma sha biyu yana dariya, 'yan kallo ma suka yi dariya. Ya juyo wurin Auta.

"To Ƙamus, ga taki kyauta. Kusurwa nawa alwatika take da su?"

Jan Biro ya jingina da kujera, ya fara tunanin tambaya ta biyar ko ta shida inda za a yi ta ta ƙare. Sai ya ji shiru. Ya ɗago ya ga fuskarta a babban allon da ke gefe. Leɓenta na motsi, tana maimaita tambayar kalma bayan kalma, ta kai ƙarshe ta koma farko. 'Yan kallo suka fara dariya, sun ɗauka wasa take yi musu. Mai gabatarwa ma ya ce kada ta tsorata su mana. Lambobin agogo suna sauka. Ya san wannan motsin leɓen, ya gan shi kullum shekara biyu a ɗaya ɓangaren teburinsa, ya kuma san abin da take nema. Ya ji kamar ya miƙe ya yi ihu ya ce babu komai a ciki. Bai miƙe ba. Dariyar mutane ta mutu, ƙararrawa ta kaɗa, yarinyar ba ta ce uffan ba.

Aka zuba wa ɗan direba takardu masu ƙyalli daga sama, yayarsa na tsalle. Shi kansa yaron sai waiwayen Auta yake yi, kamar yana jin nauyin yadda ya ci. Aka ba ta kwalin littattafai da ɗan kofi na biyu, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya yadda aka koya mata.

Suka shiga motar haya suka kama hanyar gida. Uwar ta riƙe hannun yarinyar, shi yana gaba yana kallon titi. Yana da tsawon hanyar nan duka da zai nemo abin da uba ke faɗa wa 'yarsa a irin wannan rana, kuma wallahi ya nema. Amma da suka iso, yana sa makulli a ƙofa, abin da ya fito daga bakinsa kalma ɗaya ce.

"Uku."

Matarsa, wadda ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana mayar da halinsa abin dariya, ta dube shi ranar da idon da bai taɓa gani ba. Ta ce masa idan ya ƙara buɗe baki za ta kwashe katunan nan ta cinna musu wuta a tsakar falo, shi ma ya matso kusa ya gani. Ta ja 'yarta suka shige ɗaki. Ƙyauren bai rufu sosai ba, yana zaune a falo da rigarsa ta fita yana jinsu. Uwar tana lallashi, tana cewa tsoro ne, kowa yana mantuwa. Sai ya ji muryar Auta, ba kuka a ciki.

"Ban manta ba, Mama. Na sani tun kafin ya rufe baki. Ina neman inda ya ɓoye abin ne."

Jan Biro ya gane nan take. Gano kuskure sana'arsa ce, kuma wannan bai ɓuya ba, ya ga inda yake ya kuma ga hannun wanda ya yi shi. Sai dai a duk shekarunsa shafukan mutane ake kawo masa, bai taɓa zagaye nasa ba, bai ma san ta inda ake farawa ba. Ya zauna har shayin da aka ajiye masa ya huce. Washegari ya tafi aiki da wuri.

Ɗan guntun hoton ya zagaya wayoyin mutane, daƙiƙa goman nan da dariyar 'yan kallo. Yaran makaranta suka sauke mata Ƙamus suka ɗora mata Alwatika, sunan ya bi ta har ta gama sakandare. Mai maɗaba'a bai ƙara leƙa ɗakin baya ba. Shekarar da ta biyo ta wuce shekarun shiga gasar, don haka ba a sake maganar ba. Katunan suka yi wata biyu a ƙarƙashin gado, sannan matar ta bai wa mai kwasar shara ba ta tambaye shi ba, shi ma bai tambaya ba.

Auta ta yi makarantar unguwa kamar kowa. Malamai sun ce duk abin da ta rubuta daidai ne, amma ba ta taɓa gama takardar jarrabawa kafin lokaci ya cika, don kowace tambaya sai ta karanta ta sau huɗu. Da haka sakamakonta ya fito tsaka-tsaki, irin wanda ubanta ke kira matsakaici. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ita ke liƙa suna a jikin kwalabe tana shigar da sakamako. Shugabarta tana cewa ba ta taɓa sa sunan wani a kwalbar wani ba. Abokan aikinta kuma suna cewa idan ka ce mata mayafinta ya yi kyau, sai ta dube ka har ka ji kamar ka yi laifi, shi ya sa suka daina.

Shi kuwa maɗaba'ar ta kawo kwamfuta da wata yarinya mai digiri, aka yi masa ɗan taro da lemon kwalba aka sallame shi. Daga baya yanar ido ta sauko masa, rubutu ya koma masa kamar tururuwa a cikin ruwa. Yini yake yi a kujerar falo yana jin ƙarar keken matarsa. 'Ya'yansa maza suna aiko abin da ya sauwaƙa, su zo su gaishe shi a tsaye. Auta ce ke gidan har yanzu. Idan ta dawo aiki da yamma takan kawo masa shayi a faranti, ta ɗiga masa maganin ido, ta tambaye shi ko da wani abu, ya ce babu, ta tafi. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa zama ba. Wannan ladabi yana cinsa fiye da a ce zaginsa take yi, don yana tuna lokacin da take jan jakarsa a ƙasa.

Wata da watanni yana shirya maganar a ransa. Ya tsara ta, ya cire kalma, ya mayar, ya sake cirewa, yadda ya saba yi wa maganar wasu. Ya tabbatar ba wani abu a cikinta sai abin da yake nufi. Wata Talata, ta gama ɗiga masa magani tana rufe kwalbar, ya kama bakin farantin don kada ta ɗauka.

"Auta, tsaya. Tun da nake ban taɓa ganin mai kai irin naki ba. Ranar nan ba ke kika faɗi ba, ni ne na kayar da ke. Ki yafe mini."

Ya saki farantin.  Keken ɗinki ya tsaya, matar ta ji. Ba ya ganin fuskar 'yarsa sosai, inuwarta kawai yake gani a tsaye tsakaninsa da taga, amma ya ji ba ta motsa ba. Ya jira ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta ce ya makara, duk ya shirya karɓa.  Sai ya ji wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa, tana maimaita maganarsa a hankali daga farko.

"Ban gano ba, Baba," ta ce daga ƙarshe. "Ka faɗa mini inda yake."

Ya ce babu komai a ciki. Ya rantse mata da Allah babu komai, iyakar maganar ke nan. Yana rantsuwar yana jin yadda take fita, sak irin ta mutumin da ya ɓoye abu da kyau yana jin daɗin an kasa ganowa. Ta ƙara tsayawa kaɗan, cikin ladabi, ko zai ƙarasa. Da ta ga ya yi shiru sai ta ce to, ta matso masa da kofin kusa da hannunsa, ta ce ya sha kafin ya huce, ta ɗauki kwalbar maganin ta shiga ciki.